Kano ko Damagaram: wane tsohon birni mutumin Maraɗi zai fara zuwa gani?

Idan mutumin Maraɗi ya ce maka ya san Kano, tambaye shi me ya sani. Galibi amsar ba ta wuce Kantin Kwari, da Singa, da Wapa wurin 'yan canji, sai masaukin da ya saba kwana a Fagge. Za ka samu Alhaji ya tsufa a kan hanyar Kano yana sarin atamfa da shadda, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka Dutsen Dala ba, bai kuma san ta ina ake shiga Gidan Makama ba. Damagaram kuwa da yawanmu biki ko ta'aziyya ko wata takardar gwamnati ke kai mu, mu sauka a tasha, mu gama abin da ya kawo mu, mu juyo ba mu leƙa cikin Birni ba.

Ga shi kuwa mu ne ya fi kamata mu nemi ganin tsohon birni. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ta ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, aka hau tudu aka yanka sababbin tituna miƙaƙƙu. Yaron da ya tashi a nan ya san sunan Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore a baki, amma lungun da zai bi ya ga yadda birnin Hausa yake kafin zuwan Nasara sai ya fita ya nema. Birane biyu ne suke kusa da mu da za su biya wannan buƙata, nisansu kuma bai bambanta sosai ba: Damagaram na gabas da mu da kamar kilomita 235, Kano na kudu maso gabas da 'yan kilomitoci fiye da haka idan an bi ta Katsina. Wanda ke da kuɗi da lokacin zuwa duka biyun ba shi da matsala. Maganar ta mai zaɓi ɗaya ce.

Tun daga hanya suka fara rabuwa. Ta Damagaram babbar hanyar ƙasa ce guda ɗaya, ka hau bas da safe ka bi ta Gazawa da Tasawa da Takeita, kafin azahar ka sauka idan mota ba ta ba da matsala ba. Katin ɗan ƙasa ya ishe ka, sefarka na aljihu, layin wayarka na aiki. Hanyar ma kanta darasi ce ga wanda ya san abin da yake wucewa. Gaba da Tasawa akwai Maijirgi, inda kaburburan Voulet da Chanoine suke, hafsoshin nan biyu na Faransa da suka ƙona garuruwa tun daga yamma har sojojinsu suka juya musu baya a 1899. Kafin ka shiga Damagaram kuma sai ka ratsa Tirmini, inda ragowar wannan rundunar ta yi karo da mayaƙan Sarki Amadu Kuran Daga a cikin shekarar. Wanda ya tafi da yara ya faɗa musu wannan tun a mota, kafin su iso sun san garin da za su shiga.

Hanyar Kano ba tsawonta ne wahala ba, tsaye-tsayenta ne. Akwai iyaka a Ɗan Isa da Jibiya, akwai shingayen jami'ai bayan iyakar, akwai canjin mota, akwai canjin kuɗi. Iyakar nan kuma ba kullum take a buɗe ba: Najeriya ta rufe ta a 2019, an sake rufe ta bayan juyin mulkin 2023, sai a 2024 aka buɗe. Yankin Jibiya ya sha fama da 'yan bindiga, don haka wannan hanya ta rana ce, ba a yi mata sammakon duhu ba a kuma yi mata dare, kuma kafin ka sa ranar tafiya ka je tasha ka ji ta bakin direbobin da suka dawo jiya. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 shi ne fatan kowa, amma mai shirin tafiya yau da mota zai yi lissafi. A nan dai Damagaram ta yi wa Kano fintinkau, ba sai an ja zance ba.

Sai dai idan aka zo ga abin da za a gani, babu kamar Kano a ƙasar Hausa. Littafin tarihin sarakunanta ya fara lissafi daga Bagauda a shekarar 999, kafin shi ma akwai mutanen Dala da Barbushe da tsafinsu na Tsumburbura. An fara ganuwa a zamanin Gijimasu, wajen farkon ƙarni na 12. Yawancin abin da baƙo ke zuwa gani kuwa aikin sarki ɗaya ne, Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499: shi ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, shi ya faɗaɗa ganuwa, a zamaninsa ne kuma Shehu Magili ya sauka Kano ya rubuta masa nasiha kan yadda ake riƙon mulki. Lokacin da ake wannan duka, ba a ma san za a yi masarautar Damagaram ba.

Matsalar ita ce tarihin Kano a binne yake cikin cunkoso. Birni ne na miliyoyin mutane da ke neman abinci, ba wanda ya tsaya jiran mai yawon buɗe ido. Ganuwar da Turawan Ingila suka tarar a 1903 har ta ba su mamaki, yau yawancinta ta zama tudun ƙasa, wani wurin an yi gini a kai, wani wurin an kwashe. Ƙofofi da dama an rushe su don faɗaɗa titi an sake ɗaga su da siminti. Wanda ke son ganin abin da ya rage ya sa mai adaidaita sahu ya bi da shi titin da ya wuce ta Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya da Dukawuya, nan ne ido zai iya kama tsawonta. Wanda ya je da zaton zai tarar da katanga tsaye ta kewaye gari zai dawo yana cewa ba komai. Akwai komai, sai dai yana son mai nuni.

Ni a ganina a fara da Gidan Makama, ba da Dala ba kamar yadda aka saba. Tsohon gida ne na ƙasa da ke daura da fada, an mai da shi gidan tarihi, a ciki za ka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari masu ƙarfe a jiki, da kayan yaƙi, da hotunan Kano na farkon zuwan Turawa. Ka ɗaga kai ka dubi rufin ɗakunan, yadda aka lanƙwasa azara aka yi bakan gizo ba ƙarfe ba siminti. Awa ɗaya a nan ita za ta sa sauran yinin ya yi ma'ana, domin duk inda ka je bayan haka ka san abin da kake kallo. Daga nan fada da babban masallacin Juma'a taku kaɗan ne. Fadar gidan sarki ce mai rai, ba wurin kallo ba. Ka tsaya a Ƙofar Kudu ka ga abin da ake gani daga waje, shiga ciki kuwa sai da izini da wanda ya san ka.

Marinar Ƙofar Mata ita ce wurin da na fi so a kai mutum ya daɗe. Ana danganta kafuwarta da 1498. Fili ne cike da ramuka masu zurfi, bakinsu kamar na rijiya, da yawa sun bushe an bar su, kaɗan ne ke aiki. Marini na zaune a kan ɗan dutse ko guntun buhu, hannuwansa sun rine har gwiwar hannu, yana tsoma zane cikin ruwan baba da toka da aka bari ya yi kwanaki yana tsima. Ya tsoma, ya ɗago, ya bari iska ta buga. Zanen na fitowa da ɗan kore-kore, kana tsaye kana kallo zai juye ya koma shuɗi. Ya sake tsomawa. Haka zai yi ta yi, gwargwadon duhun da mai kaya ke so. Idan ka ce masa, "Baba, sannu da aiki, wannan sai yaushe zai kai?" zai iya ce maka, "Ai wannan na mai haƙuri ne, ɗana, sai la'asar." A gefe kuma akwai rumfar mabuga, sun shimfiɗa zane a kan gungume suna dukansa da manyan sanduna bi da bi har ya yi ƙyalli. Irin wannan baƙin rini mai sheƙi na ƙasar Kano shi ne Buzaye ke naɗawa tun zamanin ayari, ta kanmu da ta Damagaram yake wucewa zuwa Agadas. Ka sayi ko da ɗan ƙyalle ne, kada ka ɗauki hoto ka juya ka tafi hannu rabbana.

Kurmi kuma sai ka cire tunanin Kwari daga kanka. Ba kasuwar sari ba ce. Lunguna ne matsattsu a gefen Jakara, kowane da sana'arsa: dukawa, masu kayan doki da sirdi da linzami, masu tsakiya da murjani, masu littattafan addini, masu turare, masu saiwoyi. Ɓata a ciki ba wuya, shi ya sa yaran da ke bakin kasuwa ke tayin rakiya. Ku yi ciniki kafin ku shiga. Dala a bar ta zuwa sassafe ko bayan la'asar, a je da ɗan gari, a kuma sa waya a aljihu, don ƙwacen waya ba baƙon labari ba ne a wasu unguwannin. Daga sama ana ganin Goron Dutse da hasumiyoyin masallaci da rufin tsohon gari har iyakar ido, in ba a cikin hazon hunturu aka hau ba. Wanda ya samu ƙarin yini ya je Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, gidan Hanns Vischer wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, ya kuma je Mumbayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano. Duk wannan ba ya yiwuwa a yini guda. Tsakanin wuri da wuri akwai cunkoson ababen hawa da ke cinye awa, an kuma hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin tun 2013, don haka kada ka sa ran kabu-kabu irin namu da zai kurɗa da kai.

Damagaram yarinya ce a kan Kano. A ƙarni na 18 aka kafa masarautar, tana ƙarƙashin Barno, sai a ƙarni na 19 ta yi ƙarfi. Mutumin da ya ɗaga ta shi ne Sarki Tanimun, wanda ya yi kamar shekara 30 a kan gado har zuwa 1884: ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka zuba masa igwa a cikin gari, ya mai da garin zangon ayarin da ke tsakanin Kano da Tarabulus. Ƙarfin ya kai har Amadu Kuran Daga ya kai wa ƙasar Kano yaƙi a zamanin Sarki Alu. A garin Amadun ne kuma aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a 1898, abin da Faransawa suka zo ramawa a shekara mai bi. Daga 1911 zuwa 1926 nan ne babban birnin mulkin mallaka na Nijar, kafin a mai da shi Yamai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan ƙaurar. Ƙarancin ruwan nan bai bar garin ba. Kafin ka biya kuɗin ɗaki, ka buɗe famfo ka gani da idonka.

Abin da Damagaram ta fi Kano da shi shi ne ana iya taka ta da ƙafa, kuma abin da aka zo gani yana waje, ba a ɓoye ba. Birni unguwa ce da ke kwance tsakanin manyan duwatsu mulmulallu, wani gidan ma dutsen ne bangonsa na baya. Ka shiga da hantsi, lungu ya kai ka lungu, ka ji almajirai na karatu a zaure, ka kauce wa jaki ɗauke da jarkokin ruwa, sai ka ɓullo a filin ƙofar fada, dogarai zaune cikin ja da kore. A nan baƙo na iya gaisawa ya nemi izini, sau da yawa kuma a haɗa shi da wanda zai zagaya da shi wuraren da aka yarda a gani. Ka cire takalmi inda aka ce a cire, ka ce "ranka ya daɗe" inda ya dace, ka tanadi tukuici. A cikin Birnin ne kuma gidan da Heinrich Barth ya sauka yake, Bajamushen nan matafiyi da ya ga Kano a 1851 ya kuma zauna Damagaram a ƙarshen 1852. Ganuwar Tanimun ita ma guntaye suka rage, kada a yi wa Kano gori ita kaɗai.

Zango ita ce unguwar fatake, inda ayarin Buzaye da 'yan kasuwar Hausa ke sauka a wajen ganuwa, can ne kuma attajirai irin su Malam Yaro suka yi gidajensu. Abin kallo a nan fuskar gidaje ne. Magini ya bi bangon zaure tun yaɓen na ɗanye ya fitar da zane mai tudu, dagi da da'ira da layuka masu sarƙa, ya ɗora zankwaye a saman kusurwa, wani gidan an bi zanen da launi, wani an bar shi da jar ƙasarsa. Kano ma tana da irin wannan, amma sai ka sha yawo kafin ka ci karo da ɗaya tsakanin benaye da shaguna. A Damagaram kuwa kana fita wannan ka shiga wancan. Idan tafiyarka ta faɗo ranar Alhamis, ranar babbar kasuwa ce, ka ga kayan fata da garin ya yi suna a kansu, ka sayo alkaki na tsaraba. Idan ta kai Lahadi, Mirya na nan kusa da kasuwarta da tukwanenta da lambunanta. Yini biyu sun isa a ga Damagaram gani na ƙoshi. Wannan yabo ne, kuma shi ne iyakarta: a yini na uku za ka fara maimaita lungu.

Masu cewa a bari sai Sallah suna da hujja. Hawan Kano, daga hawan Idi zuwa Daushe da Nasarawa, babu kamarsa a yawan dawaki da ado, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2024. Amma a 'yan shekarun nan an sha dakatar da shi saboda rikicin sarauta, wani lokaci ana gab da Sallah sanarwar ke fitowa. Kada mutum ya ɗauki iyali ya ƙetare iyaka don hawa kaɗai. Ko an yi shi ma, turmutsutsun ba na mai riƙe da ƙananan yara ba ne. Sallar Damagaram ba ta kai wannan girma ba, sai dai kana iya matsawa kusa ka ga sarki da dawakinsa, ka ji kakaki a kunnenka, ka kuma ga hawan ƙaho na mahauta idan ka dace.

Wajen kuɗi, abin da ke ruɗin mutane shi ne ganin sefa ta yi yawa idan an canza ta naira. Abinci da shiga adaidaita ba su da tsada a Kano, gurasa da bandashe ma kaɗai sun isa dalilin zuwa. Amma ka haɗa da kwanakin da dole ka ƙara, da 'yan kuɗaɗen hanya, da abin da Kwari za ta ja daga aljihunka ko ba ka yi niyya ba. Ban ga wanda ya shiga Kano da uwargida ya fito da lissafin da ya shiga da shi ba. Damagaram ba ta da wannan jarabar sosai, kuma da wuya mutumin Maraɗi ya rasa ɗan'uwa ko abokin lakol da zai sauke shi a can.

To wa zai je ina? Mai iyali, da malamin da ke son fita da 'yan lakol, da tsohon da ba ya jure hayaniya, da duk wanda hutunsa bai wuce kwana biyu ko uku ba, ya nufi Damagaram, kuma kada ya ji kamar ya zaɓi na biyu. Zai ga birnin Hausa da siffarsa a tsaye, abin da Kano ba za ta ba shi cikin sauƙi ba. Ɗan kasuwar da dama yana zuwa Kano kuwa ba shi da uzuri: ya riga ya san hanya, ya san masauki, ya san 'yan canji, abin da ya rage ya ware yini ɗaya kafin ya fara sari, ba bayan ya gama ba, don wanda ya ɗaure kaya hankalinsa na kan mota. Matashi mai son tarihi da ke da kwana huɗu ko biyar da abokin tafiya, shi ma Kano ce tasa, da sharaɗin ya samu ɗan gari.

Wanda ya zaɓi Kano kuma kada ya wuce Katsina a guje. Sarautar Maraɗi daga can ta taso: bayan jihadi ya ci birnin wajen 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka fito, Ɗan Kasawa ya fake a Damagaram na wani lokaci, daga baya ya zo ya kafu a nan, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Awa biyu sun isa ka ga hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai kamar mita 15 da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, ka tsaya a Ƙofar Soro gaban Gidan Korau, ka leƙa tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka mai da gidan tarihi. Idan ka bar Maraɗi da hantsi, ka yi wannan da rana, ka kwana a Katsina, washegari ka shiga Kano da sauran ƙarfinka, ka kuma kauce wa tafiyar dare gaba ɗaya.

Lokacin tafiya kuwa ɗaya ne ga duka biyun: daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Bazara ba ta yawon ƙafa ba ce, duwatsun Birni da matakalar Dala duk suna ɗaukar zafi tun hantsi. Da damina kuma lungunan Kurmi caɓi ne, kududdufan cikin Kano na cika su kawo sauro. Ranar Juma'a a bar wa masallaci daga hantsi zuwa bayan sallah, musamman a Kano inda titunan kewayen fada ke toshewa, a sa Gidan Makama da marina a wata ranar.